Matambayi Ba Ya Ɓata: Wane Ne Balanchine?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Malam. Makarantar kuɗin da 'yata take zuwa a nan Kumasi ta fara koya wa yara rawar dandamalin nan ta Turawa da ake kira bale ranar Asabar. Yarinyar shekararta 8, yanzu ba ta da zance sai na wani Balanchine da malamarsu ta manna hotonsa a bango. Babanta ya ce in binciko ko wane ne kafin mu biya kuɗin zangon karatu mai zuwa.
Daga wata uwa a Aboabo

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Maigida ya yi daidai, ba a zuba kuɗi a abin da ba a san kansa ba.

Sunansa na asali Giorgi Balanchivadze. An haife shi a birnin St. Petersburg na Rasha ranar 22 ga Janairu 1904. Mahaifinsa ɗan ƙasar Jojiya ne, kuma sana'arsa tsara kiɗa, saboda haka yaron ya tashi da fiyano a gida tun kafin ya san rawa. Yana da shekara 9 aka tafi da shi rakiyar yayarsa gwajin shiga makarantar rawa ta sarkin Rasha, sai ga ɗan rakiya an ɗauka. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Da farko bai so wurin ba, har ya taɓa guduwa, sai da aka fara fitar da su kan dandamalin gidan wasa na Mariinsky cikin manya, sannan abin ya shiga ransa.

Ana cikin haka aka yi juyin juya halin 1917, sarauta ta faɗi, yunwa ta sauka a garin. Yaron da ake dafa wa abinci da kuɗin sarki ya koma kaɗa fiyano a gidajen silima don ya samu na sawa a baki, lokacin fina-finai ba sa magana. Ya gama makarantar a 1921, ya kuma yi karatun kiɗa a babbar makarantar kiɗa ta birnin. Masu tsara rawa kaɗan ne suke iya ɗaukar takardar kiɗa su karanta yadda makaɗi yake karantawa. Shi yana iyawa, kuma a ganina rabin sirrinsa ke nan.

A 1924 ya fita da wasu 'yan rawa zuwa Jamus da sunan yawon wasa, ba su koma ba. A Paris suka haɗu da Sergei Diaghilev, mai ƙungiyar Ballets Russes da ta fi kowace tashe a Turai a lokacin. Shi ne ya gajarta masa suna ya zama Balanchine, ya kuma ba shi aikin tsara rawa yana ɗan shekara 20 da ɗoriya. Ciwon gwiwa ya rage masa rawa da ƙafarsa, sai ya maida ƙarfinsa kan tsarawa. A 1928 ya yi Apollo da kiɗan Igor Stravinsky, a 1929 ya yi Prodigal Son da kiɗan Prokofiev, kuma har yau ana yin su duka biyun. A cikin 1929 ɗin Diaghilev ya mutu, ƙungiya ta watse, mutuminmu ya shiga yawon neman aiki tsakanin Landan da Copenhagen da Monte Carlo.

A Landan wani saurayi Ba'amurke mai suna Lincoln Kirstein, ɗan gidan 'yan kasuwa daga Boston, ya same shi a 1933 ya ce ya zo Amurka su kafa ƙungiya. Amurka a wancan lokacin ba ta da tushen wannan rawa, sai dai baƙi su zo su yi su tafi. Amsar da ake cewa Balanchine ya bayar ita ce: to, amma makaranta tukuna. A watan Janairu 1934 suka buɗe School of American Ballet a New York, kuma tana nan har gobe.

Ga abin da na fi so a labarinsa, Hajiya. Rawar farko da ya tsara a Amurka, Serenade, da ɗaliban makarantar ya yi ta, a kan kiɗan Tchaikovsky. Ranar farko 'yan mata 17 suka zo, babu namiji ko ɗaya. Ina ake raba 17 a layi daidai? Bai kori kowa ba, bai kuma jira a cika ba, sai ya jera su a karkace yadda kowacce za ta fito. Wata rana wata ta makara, ta lallaɓo ta shiga layi, ya ce a bar wannan a ciki. Wata ta faɗi ƙasa, ya ce shi ma a bar shi. Ki sa yarinyarki ta nemo miki bidiyon ki gani. Labule na ɗagawa za ki ga mata 17 cikin dogayen riguna shuɗaye masu shara-shara, kowacce ta ɗaga hannun dama kamar mai kare haske, ƙafafu a haɗe kamar na kowa. Hannun ya sauko a hankali, ya biyo ta goshi, ya zo ƙirji, ya sauka. Can sai duk su buɗe tafin ƙafa waje a lokaci guda, wato tsayuwar farko da ake koya wa duk ɗan koyo, irin wadda 'yarki take yi a tsakar gida. Shekara 90 ke nan ana biyan kuɗi a kalli makarar wata yarinya da faɗuwar wata.

Ƙungiyoyinsu na farko duk sun rushe saboda rashin kuɗi. Ya yi aiki a wasannin Broadway da fina-finan Hollywood don rufin asiri. Sai a 1948 New York City Ballet ta tsaya da ƙafarta, kuma shi ya riƙe ta har ya mutu ranar 30 ga Afrilu 1983. Ya bar raye-raye sama da 400. Nutcracker da ya tsara a 1954, wadda ake yi duk ƙarshen shekara da yara da yawa a ciki, ita ce ta koya wa ƙungiyoyin Amurka inda kuɗin shekara yake fitowa. Ɗalibansa kuma sun bazu: Edward Villella ya kafa ƙungiya a Miami, Helgi Tomasson ya shugabanci ta San Francisco daga 1985 zuwa 2022, wasu suka riƙe ta Seattle. Wanda ya nace sai an fara da makaranta, ga abin da ya hango.

Game da kuɗin zango, shawara biyu. Hukuncin rawa a addini ki kai wa malamanku na unguwa, su ne masu wannan fagen. Amma batun sutura a hannunki yake: ki je ranar Asabar ki zauna ki ga abin da yaran suke sawa da wanda yake shiga ɗakin, ki faɗa wa malamar abin da gidanku zai lamunta. Na biyu kuwa ba na sassautawa a kansa. Kada ki yarda a sa wa yarinya 'yar shekara 8 takalmin nan na tsayawa a kan yatsu. Ƙasusuwan ƙafarta ba su yi ƙwari ba. Makarantun da suka san aikinsu sai yarinya ta kai 11 ko 12, bayan shekaru na horo, suke fara shi. Malamar da ta ce za ta ɗora ta a kan yatsu bana don iyaye su tafa a bikin ƙarshen shekara, ki ɗauke 'yarki.

Tambaya: Malam, ni tela ne. Na kalli wata rawar mutumin nan a YouTube, na ga babu labari, babu ado, maza da farar singileti da baƙin wando matsattse, mata da baƙar riga kamar ta iyo. Talauci ne ya hana su ɗinki, ko me ake kallo a wurin?
Daga wani tela a Mamobi, Accra

Amsa: Maigida, tela dai ba ya ganin komai sai ɗinki! Akwai rashin kuɗi a wasu shekarun, amma abin da ka gani da gangan ne. A 1946 ya tsara The Four Temperaments, aka kira wani mai zane ya yi mata kaya, ya lafta wa 'yan rawa naɗe-naɗe da huluna har ba a ganin inda hannu ya nufa. A 1951 Balanchine ya yar da kayan gaba ɗaya, ya fito da su cikin kayan da suke horo da su. Daga nan ya maida abin salo.

Abin da yake so ka kalla shi ne kiɗa a jikin mutum. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, makaɗin kalangu ne, ya yi wa mahauta kiɗa a Zangon Kumasi. Idan yana kiɗa ba ya kallon fuskar mai rawa, ƙafarsa yake kallo. Zai matse tsarkiya a hammata, murya ta hau, ƙafar ta ɗaga. Ya saki, ta dira. Wani lokaci mai rawar ne yake riga shi da rabin taku, sai ka ga tsohon ya yi murmushi ya bi shi. Babu wanda ya taɓa tsayawa a wannan fili ya ce ina labarin? Mutane sun san abin da suka zo gani. Haka Balanchine yake da makaɗansa, musamman Stravinsky, wanda suka yi kusan shekara 40 suna aiki tare, har sukan zauna su ƙayyade minti nawa kowane yanki zai ci kafin a rubuta kiɗan. In ka sake kallo, ka zaɓi kayan kiɗa ɗaya da kunnenka, ka nemo wanda yake taka shi a cikin 'yan rawar. Za ka same shi. Za ka kuma lura da sauri, don ya ƙara wa wannan rawa gudu ƙwarai, ya bar ƙugu ya karkace, ya bar mutum ya kusa faɗuwa kafin ya taro kansa, abubuwan da tsofaffin malaman Rasha za su kira rashin tarbiyya.

Kada ka ɗauka ya raina sana'arku. Yana da telarsa, Barbara Karinska, ita ma daga ƙasar Rasha ta fito, kuma ya sha faɗin irin bashin da take binsa. Siket ɗin ragar nan mai faɗi kamar faranti, a da waya ake zagaya masa don ya tsaya, sai ya zama in mata sun matso kusa da juna sikatai su riƙa karo suna rawar kansu bayan kiɗa ya wuce. A 1950 ta cire wayar, ta rage tsawon, ta jera raga falle shida ko bakwai, kowane ya ɗara wanda ya gabace shi da rabin inci, ta kama su da zare sako-sako. Siket ya zama mai laushi, yana bin jiki. Ga shi nan in wata makaranta a East Legon ta kawo maka aikin.

Tambaya: Baba, a ajinmu a Legon an yi musu. Wasu sun ce bale rawar Turawa ce, baƙar fata ba shi da wuri a ciki, kuma wanda ya koye ta ya raina adowa da takai. Wani ya ce ai Balanchine ya ɗaukaka baƙaƙe. Wa ya fi gaskiya?
Daga wata ɗaliba 'yar Nima

Amsa: 'Yata, kowane ɓangare ya kama ƙafa ɗaya ta gaskiya ya ce ita ce saniyar. Tun a 1933 Kirstein ya rubuta wasiƙa yana cewa makarantar da yake mafarki za ta fara da ɗalibai 16, rabi farare rabi baƙaƙe. Hakan bai faru ba. Sai a 1955 Arthur Mitchell, ɗan unguwar Harlem, ya shiga New York City Ballet, ya kuma hau har matakin manyan 'yan rawarta.

Ki riƙe shekarar 1957. A watan Maris Ghana ta samu 'yanci. A watan Satumba sai da shugaban Amurka Eisenhower ya tura sojoji suka raka yara baƙaƙe 9 shiga makarantar sakandare a Little Rock. A ƙarshen wannan shekarar Balanchine ya fito da Agon, 'yan rawa 12, kuma a tsakiyarta ya haɗa Mitchell da wata farar mace, Diana Adams, su biyu kaɗai a fili. Namijin yana riƙe da ita, yana juya ta, har ya kwanta rigingine a ƙasa yana tallafe da hannunta ita kuma tana tsaye a kan yatsun ƙafa ɗaya. A ƙasar da a jihohi da dama doka ta hana baƙi da fari aure, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mitchell ya sha ba da labarin cewa Balanchine ya kula har da yadda baƙin hannu zai kwanta a kan farin hannu.

Bayan kashe Martin Luther King a 1968 Mitchell ya koma unguwarsu ya fara koya wa yara, a 1969 shi da Karel Shook suka kafa Dance Theatre of Harlem. Balanchine ya mara masa baya, ya ba su raye-rayensa su yi. Ƙungiyar ta je Afirka ta Kudu a 1992. Su ne kuma suka fara rina safa da takalma su dace da launin fatar kowace 'yar rawa, don takalmin da ake sayarwa a lokacin ruwan hoda ne, an yi shi don farar ƙafa. Shekara da shekaru baƙaƙen mata suna shafe takalmansu da hodar kwalliya da hannunsu.

To amma abokan musunki ma suna da hujja. A ƙungiyar Balanchine shi kansa, baƙaƙen mata ba su samu hanya ba, sai ɗaiɗaiku. Irin jikin da ya fi so kuma, doguwar mace siririya mai dogayen ƙafafu da ƙaramin kai, ya zama ma'aunin da aka daɗe ana korar 'yan mata da shi, wasu kuma suka riƙa horar da kansu da yunwa. Sai a 2015 aka samu baƙar mace ta farko, Misty Copeland, a matakin ƙoli na American Ballet Theatre, ɗaya babbar ƙungiyar ta New York. Ni ba na wanke shi daga wannan.

Batun raina adowa da takai ne ban yarda da shi ba, kuma amsar tana cikin jami'arku. A 1962, zamanin Nkrumah, aka kafa Ghana Dance Ensemble a Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, ƙarƙashin Farfesa Kwabena Nketia da Farfesa Mawere Opoku. Opoku ya yi karatun rawa a New York, ya ga yadda suke aiki, ya dawo bai ce kowa ya tsaya a kan yatsu ba. Matsalar da ya tarar ita ce rawarmu a da'ira ake yinta, 'yan kallo sun kewaye ta ko'ina, kuma tana iya kai wa asuba. Dandamali kuwa fuska ɗaya gare shi, kuma mai tikiti yana duba agogo. Ya buɗe da'irar, ya taƙaita, ya tsara shiga da fita, ya ɗebo makaɗa da 'yan rawa daga sassan ƙasar ya sa Ba'ashante ya koyi bamaya, Badagombe ya koyi kete. Bayansa Nii Yartey ya ɗora. Duk takai ɗin da kika gani a National Theatre, an yi layi an juya sandunan ƙarfe suna haɗuwa a kan kiɗa, akwai hannun mai tsarawa a ciki. Sana'ar Opoku da ta Balanchine ɗaya ce, kayan aikin ne suka bambanta. Ki kai wa ajinku wannan, ki ga wanda zai ce Opoku ya raina adowa.

Tambaya: Malam, gaskiya ne duk matan da ya aura 'yan rawarsa ne?
Daga wata mai sayar da atamfa a Kejetia

Amsa: Gaskiya ne Hajiya. Aure huɗu, ɗaya bayan ɗaya: Tamara Geva, Vera Zorina, Maria Tallchief, da Tanaquil Le Clercq, ban da Alexandra Danilova da suka zauna ba aure. Tallchief 'yar ƙabilar Osage ce, cikin mutanen Amurka na asali, kuma ita ce tauraruwar ƙungiyar ta farko.

Labarin ta ƙarshen ne mai ciwo. A 1956 suna yawon wasa a Turai, shan inna ta kama Le Clercq a Copenhagen tana da shekara 27, ba ta sake takawa ba. An ruwaito cewa kafin tafiyar an yi wa 'yan ƙungiyar allurar rigakafi, ita ta ce sai an dawo. Masu ɓoye yara in ma'aikatan lafiya sun shigo lungu, ku ji. Balanchine ya ajiye aiki kusan shekara yana jinyarta, wannan a yaba masa. Amma a 1969 ya sake ta saboda hankalinsa ya tafi kan Suzanne Farrell, yarinyar da ya girme wa da shekara 41. Ita kuwa ta auri wani saurayi ɗan ƙungiyar, Paul Mejia. Balanchine ya fara hana mijin fitowa a wasa, har su biyun suka bar aikin. Wannan amfani da iko ne a kan na ƙasa, ba shi da wani suna. Farrell ta dawo a 1975 suka ci gaba da aiki. Le Clercq kuma daga kan keken guragu ta koyar da rawa a makarantar Arthur Mitchell, da hannuwanta take nuna abin da ƙafa za ta yi. A wasiyyarsa Balanchine ya raba haƙƙin raye-rayensa ga mutanen da ya yi aiki da su, ita ta samu kaso mai tsoka. A 1987 aka kafa wata amana da take kula da su, kuma duk ƙungiyar da za ta yi rawarsa sai an turo mata wanda ya san ta a jikinsa ya koyar.

Tambaya: Baba, yayana ya ce wai mutumin ya koya wa giwaye rawa. Na ce ƙarya ne, mun sa caca a kan kwanon waakye.
Daga wani ɗan sakandare a Asawase

Amsa: Ɗana, caca haramun ce, amma ka saya wa yayanka waakye ɗin a matsayin kyauta, har da ƙwai. A 1942 kamfanin wasan dabbobi na Ringling ya ɗauke shi ya tsara rawa ga giwaye 50 da mata 50, aka yi ta a Madison Square Garden a New York, giwayen sanye da siket ɗin raga ruwan hoda. Stravinsky ne ya rubuta kiɗan, sunansa Circus Polka. Ana ba da labarin cewa da Balanchine ya buga masa waya, tambayar da ya yi ita ce giwayen tsofaffi ne ko yara, da aka ce yara ne sai ya ce to zai yi. Matarsa ta lokacin, Vera Zorina, ita ta fito tare da babbar giwar a daren farko. An yi wasan sama da sau 400.